Na Ari Talaucin Faccalata Na Sa 'Yata a Makaranta

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu bibiya. Allah Ya ƙara miki haƙurin sauraren kwamacalar mutane. Don Allah ki ɓoye ni, sunayen da za a gani a nan ma duk na aro ne. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina, don na san halin wasunku, layi biyu za ku karanta ku hau wa'azi kamar ba ku taɓa taka haƙƙin kowa ba. Shawara na zo nema. Hukunci kuwa akwai Mai shi.

Ni 'yar cikin birnin Kano ce, aure ne ya kawo ni Gaya. Na yi karatuna har NCE, ko da yake ban taɓa koyarwa ba, atamfa da mayafai nake sayarwa a cikin gida. Mijina ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, irin waɗanda suke da tebur da fanka amma ba su da sa hannu. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne ta wajen Gafasa, a ƙasar Ajingi. Gidansu gidan gandu ne, wansa Yaya Sule ke riƙe da shi, da matarsa Yaya Tabawa. Muna da ɗaki ɗaya a gidan da muke sauka in sallah ta zo ko an yi rasuwa. Mijina yana da gonar gado a can, amma rabonsa da riƙe fartanya tun yana saurayi. Yaya Sule ke nome ta, in kaka ta yi ya ɗoro mana gero da wake da gyaɗa a bayan babur, ya sauke a zaure, ko ruwa ba ya tsayawa sha.

Tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta da ɗacinta: ban taɓa ɗaukar mutanen nan a bakin komai ba. Yaya nake ce wa Tabawa a baki, amma in ta zo gidana ta tafi, sai na kunna turaren wuta saboda warin hayaƙi da man shanu da take bari a falo. Ita kuma har yau Amarya take ce min, da 'ya'yana sun kusa kai ni tsawo. In ta shigo ba ta hawa kujera, can bakin ƙofa take rakuɓewa a ƙasa, ni kuma ban taɓa ce mata ta taso ba. A ganina ta san matsayinta ne.

To, akwai wani Alhaji da ya yi kuɗi a harkar hatsi, ya gaji da tara buhuna ya ce shi ma suna yake so, sai ya gina makarantar kuɗi ta 'yan mata a bayan gari, ta kwana. Fenti ruwan ƙwai, ƙaton get, bas mai rubutu a jiki. Mutumin da in an ba shi jarida sai ya nemi mai karanta masa, yau shi ne uban ilimi. Amma fa malaman an ce suna da kyau, wannan ba zan hana su ba. Maƙwabciyata, zan kira ta Hajiya Binta, matar wani ɗan kwangila, ta kai 'yarta tun shekarar farko, daga nan muka rasa sakat. Ko gaisuwar mutuwa aka je sai ta san yadda ta kawo zancen makarantar, da irin Turancin da 'yarta ke yi, da yadda ake ba su shayi da burodi. 'Yar da na san ko sunanta ba ta iya rubutawa daidai. Na rantse a raina cewa Nana, babbar 'yata, can za ta shiga in ta gama firamare, ko me za a yi.

Kuɗin makarantar da nauyi, ba ƙarya. Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku: za mu iya biya. Da ƙyar, amma za mu iya. Da na sayar da sarƙata, na rage ɗinkin biki, shi ma ya rage zaman majalisa da sayen tsire, da mun biya. Ban so ba ne kawai. Don me zan cire sarƙar wuyana in ba wa mai kuɗin da bai san adadin abin da ya mallaka ba?

Ana cikin haka sai ga Yaya Tabawa wata ranar kasuwa, ta zo da 'yarta Sa'adatu, sa'ar Nana ce. Ta ce hedimastan su Sa'a ne ya kira Yaya Sule ya gaya masa cewa makarantar Alhaji tana ɗaukar 'ya'yan manoma da marayu kyauta, in sun ci jarrabawa, kuma kwamiti ya je gida ya ga halin da ake ciki. Ya ce kada su bari yarinyar nan ta rasa, kanta yana ja. Sun sayi fom, shi ne ta kawo min in cike musu, tunda ni ce mai boko a dangi. Ina cikewa ina lissafi a raina. Wato waɗannan, da ba su san bambancin sakandare da asibiti ba, su za a ba kyauta, ni kuma in biya? Washegari na aika aka sayo min nawa fom ɗin. Wurin sana'ar uba na rubuta manomi. Wurin adireshi na sa gidan Gafasa. Na ce wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, ba shi da gona ne? Ba mu da ɗaki a gidan ne?

Da na gaya wa mijina, tsammani nake zai yi faɗa, har na shirya amsoshina. Sai ya ci gaba da danna waya, can ya ce in yi abin da na ga ya dace, shi dai kada sunansa ya fito, kada kuma a ce ya sani. Kun ji namiji. Yana son riba, ba ya son ƙura ta taɓa masa riga. Tun ranar wani abu ya ragu daga girman da nake ba shi, ko da yake in an auna, wa ya fi wani tsakanin ɓarawo da mai riƙe masa tsani?

Yara suka yi jarrabawa, duk biyun suka ci. Da na je duba sunaye a allon makarantar, sunan Sa'adatu yana can sama, na Nana sai da na sunkuya. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Nana da nake biya wa malamin lesin, ga littattafai, ga fitila mai caji, amma yarinyar da take karatu a makarantar da awaki ke kwana a aji ta wuce ta? Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Yaya Tabawa kuwa ta kira ni a wayar maƙwabcinsu tana ta murna, wai Allah Ya haɗa 'yan'uwa a makaranta ɗaya, ko ciwo ɗaya ta yi ɗaya za ta kula da ita. Ko tambayata ba ta yi ba yadda aka yi Nana ta shiga layin 'ya'yan manoma. Ita a wurinta duk abin da mai boko ya yi daidai ne.

Da aka sanar da makon da kwamiti zai zagaya gidajen Ajingi, na kwashi Nana muka tafi Gafasa muka tare. Damina ce, hanya duk taɓo, mai babur sai da ya sauke mu muka taka. Na cire 'yan kunnena da zobe, na kashe babbar wayata na cusa a ƙasan jaka, na ce wa Yaya Tabawa ta ara min zaninta na aiki da tsohon hijabi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata mutanen nan in suka ga mutum fes sai su ce ba ya buƙata, ta bar min bakin magana, ni na san yarensu, zan yi wa yaran biyu magana. Ta ce ai shi ya sa ake son mai ilimi a gida. Zanin nan da na ɗaura yana warin daddawa, ina jin ƙyanƙyaminsa har cikin raina, amma na ɗaura.

Nana ce kawai ta tsaya min a wuya. Na ba ta wata koɗaɗɗiyar riga ta Sa'a, ta riƙe a hannu ta ce, "Umma, ƙarya za mu yi musu?"

Na ce, "Nan gidan ubanki ne ko ba gidan ubanki ba ne?"

Ta ce gidansu ne. Na ce to ta sa riga ta rufe min baki.

Da hantsi suka iso, su biyu. Wata matashiyar malama mai gilashi, zan ce mata Malama Hadiza, da wani dattijo da bai ce komai ba sai bin awaki da ido yana rubutu. Ku zo ku ga yadda ake auna talauci! Suka leƙa rumbu, suka leƙa ɗakinmu da ko katifar kirki babu, suka tambayi sau nawa muke cin nama, wa ke saya wa yara takalmi. Malamar nan tana ta karkata kai tana sauke ajiyar zuciya, irin tausayin nan na wanda ya ci ya ƙoshi ya fito kallon masu yunwa. Ni kuwa na ba ta abin da ta zo nema. Na sassauta murya, na sunkuyar da kai, na ce maigidan ya tafi neman abin da za a ci, bana taki ya gagare mu. Har da share ido da bakin hijabi. Ban san na iya wasan kwaikwayo haka ba.

Yaya Sule yana gona, sai aka tura Sa'adatu ta kira shi. Yaya Tabawa ta gaishe su ta shige madafi, wai ba za a yi baƙi su tafi ba su sha fura ba. Ya rage daga ni sai Nana a kan tabarma. Nan Malama Hadiza ta rage murya ta ce akwai matsala ɗaya: ƙa'idarsu gida ɗaya yarinya ɗaya, don abin ya zagaya, kuma tunda gidanmu ɗaya, wadda ta fi maki za su ɗauka, wato Sa'adatu. Ta ce in yi haƙuri, wataƙila baɗi a duba Nana.

Ban yi tunani ba, Anti. Ko in ce na yi, don maganar ta fito a shirye kamar na kwana ina bitarta. Na ce:

"Malama, ba zan ɓoye miki ba, kada ku ɓata gurbi. Uban yarinyar nan ya rantse 'yarsa ba za ta kwana a wani wuri ba. Uwar ce ta kai ta jarrabawa a ɓoye. Ko kun ba ta, zango ɗaya ba za ta yi ba zai cire ta. Kuma don Allah kada ku ta da maganar a gabansu, auren baiwar Allah za ku kashe."

Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Ta girgiza kai ta ce haka mutanenmu na karkara suke, Allah Ya shirye su. Dattijon ma ya gyaɗa kai. Dama abin da suke ɗauke da shi a ransu ke nan tun daga gida, ni dai na miƙa musu ne suka haɗiye. Alhali Yaya Sule ragonsa ya sayar ya yi wa yarinyar nan hidimar jarrabawa, shi ya goyo ta a babur ya kawo ta Gaya, ya zauna a gindin bishiya a bakin get har aka tashi. Yaya Tabawa ta fito da ƙwaryar fura tana ta ba su haƙuri wai nonon bai yi kauri ba. Suka sha, suka yi godiya, suka ce suna sauri akwai gidaje a gaba. Kafin Yaya Sule ya iso daga gona da taɓo har gwiwa, sun tafi. Nana tana zaune, duk a kunnenta aka yi. Ba ta ɗago kai ba har muka bar garin.

Sakamako ya fito, an ɗauki Nana, komai kyauta har da yunifom. Na ce wa mutanen Gafasa gurbi ne ya cika, na yi iya ƙoƙarina, an ce Sa'a ta jira wani zagayen. Na zaci za su yi fushi ko su yi zargi, in samu abin da zan riƙe in ce ga shi, 'yan hassada ne. Ina! Yaya Tabawa ta aiko min da zakara da ƙullin kuka, wai ladan wahalar da na sha. Ana saura kwana kaɗan a koma makaranta sai ga Yaya Sule da akwatin ƙarfe sabo a bayan babur, wanda ya saya wa Sa'a tun ranar da aka ce ta ci jarrabawa. Ya sauke a zaure ya ce a ba Nana, ita ma 'yarsa ce, duk wadda ta shiga a cikinsu gidan ne ya shiga. Na karɓa na yi godiya. A raina kuwa cewa nake, wannan wace irin wauta ce? Mutum a cuce shi ya kawo tukwici? Haushinsu na ji, wallahi, don sun ƙi ba ni dalilin da zan tsane su. Sa'adatu aka sa ta a makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo, take tafiya a ƙafa, ranar da aka yi ruwa kuma sai dai ta zauna a gida.

Na ɗauka na ci riba. Ashe kyautar mai kuɗi da igiya a jikinta take zuwa. A makarantar nan suna da suna, 'yan tallafi ake ce musu. Duk baƙon da Alhaji ya kawo, su ake fitowa da su a jera a rana, su yi masa waƙar godiya, a ɗauki hoto yana shafa kan ɗaya daga ciki. Ranar Juma'a su ake tsayarwa a gaban asambuli su yi masa addu'a da sunansa da na iyayensa. Sadakar da sai an buga mata ganga, ita ma sadaka ce? Sauran yaran kuma, 'ya'yan masu biya, suna ce musu 'yan ƙauye, in abu ya ɓace a ɗakin kwana akwatunansu ake fara buɗewa. Nana da aka haifa a asibiti a birni, ita ce yau 'yar ƙauye.

Ni ma ban tsira ba. Ranar ziyara ba ni da halin in ci ado, kada Malama Hadiza ta gan ni. Sai in nemi tsohuwar atamfa, in sauka daga adaidaita tun daga nesa in ƙarasa a ƙafa. A ziyara ta biyu muka yi kiciɓis da Hajiya Binta, ta baje darduma da kuloli kamar mai walima. Dama na ce mata biya muke yi. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi Nana da ke sanye da bajon 'yan tallafi a ƙirji, ta ce, "Au, Maman Nana, ashe abin ya kai haka? Ai da kin yi magana." Kafin in tashi ta aiko 'yarta da ragowar shinkafa a murfin kula. Matar da na shiga wannan bala'in don in rufe wa baki, ita ce take min sadakar ragowar abinci. Kafin sati ya zagayo duk unguwa an ji wai mijina ya karye. Masu sayen atamfata suka fara yi min magana a hankali kamar mai jinya.

Nana kuwa ta canza. Yarinyar da bakinta ba ya shiru, ta dawo hutu sai ta wuni a ɗaki. Da sallah ta zo ta ce ita ba za ta Gafasa ba, na matsa mata, ta ce cikinta ke ciwo. Ina tsefe mata kai wata rana na ce wai me aka yi mata ne take wannan kumburin, ba gata na yi mata ba? Ta ce, ba tare da ta juyo ba, duk ranar da aka tsayar da su yi wa Alhaji addu'a, Sa'a take gani a wurin da take tsaye. Na ja gashin da ƙarfi na ce ta yi min shiru. Abin da na iya ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Makon da ya wuce da rana ina lissafin kaya sai ga sallamar Yaya Tabawa, ba ranar kasuwa ba, kuma hannunta babu komai, ita da ba ta taɓa zuwa babu ƙullin wani abu ba. Na kawo ruwa, ta ce ta gode, ba ta taɓa kofin ba. Ta ce Malama Hadiza ta je gidansu. Wai abin Sa'adatu ya tsaya mata a rai tun bara, shi ne ta ɗauki ƙafa takanas ta je ta roƙi uban yarinyar ya sassauta ya bar ta ta yi karatu. Allah Ya sa Yaya Sule ya tafi kasuwar Balan, ita kaɗai ta tarar. Malamar ta zauna ta zayyane mata duk abin da na faɗa ranar nan, tana ba ta haƙuri, tana cewa ta san irin zaman da take yi da mutum mai taurin kai. Ta kuma tambayi ina nake, Yaya Tabawa ta ce na je ganin gida.

Na fara kame-kame, na ce wataƙila malamar ba ta fahimce ni ba ne. Ta ɗaga min hannu. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta kalle ni ido cikin ido ba sai ranar.

"Ban ƙaryata ki ba, Amarya," ta ce. "Na ce mata Allah Ya saka da alheri, zan yi magana da shi. Ba don ke na yi ba. Don Nana na yi, da kuma kada wa da ƙani su daina gaisawa a kanki. Gurbin da kika ɗauke bai dame ni kamar sharrin da kika yi wa Malam ba. Mutumin da ya sayar da ragonsa, shi kika mayar maƙiyin karatun 'yarsa a gaban baƙi, ina madafi ina dama musu fura."

Na ce ta yi wa Allah ta rufa min asiri, zan sayar da sarƙata in biya wa Sa'a kuɗin makarantar daga zango mai zuwa, har ta gama. Sai ta yi wata 'yar dariya da ban san ta iya ba.

"Da wane kuɗin? Ai ke matalauciya ce, ni na ara miki zani." Ta gyara hijabinta. "Sa'a ba ta neman sadakarki. Da kanta ta ci wurinta."

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Malamar ta gaya mata cewa kafin ƙarshen wannan zangon Alhaji zai zagaya gidajen 'yan tallafi da baƙinsa da mai ɗaukar bidiyo, don a nuna wa duniya inda ya tsamo yaran, kuma gidan Gafasa yana ciki. Malamar har ta yi alkawarin za ta sa Alhaji da bakinsa ya roƙi Yaya Sule a gaban jama'a ya bar 'yarsa ta yi karatu, wai ba zai iya yi wa babban mutum musu ba. Yaya Tabawa ta ce har yanzu ba ta gaya wa mijinta komai ba, amma ranar ba ta da yadda za ta rufe masa kunne, kuma ba za ta ce ya amsa laifin da bai yi ba. Ta ce in san abin da zan yi kafin ranar. Ta tashi ta tafi, ko rakiya ba ta jira ba. Na bi ta da kallo har ta fita, kuma karon farko ban ji warin komai a falon ba sai na kaina.

Da mijina ya dawo na gaya masa. Kun san me ya ce? Wai ai ya gaya min tun farko kada in sa shi a ciki. Can kuma ya kawo tasa dabarar: a cire Nana a ce ba ta da lafiya, ko kuma shi ya san yadda zai aiki Yaya Sule wani gari ranar da za a zo. Wato a ƙara ƙarya a kan ƙarya, a kuma yi wasa da hankalin mutumin da ke ciyar da mu daga gonar da shi ya kasa nomawa. Tsoronsa ɗaya kada labari ya kai sakatariya a yi masa dariya.

Ni kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na zama mutuniyar kirki ba. Har yanzu in na tuna Hajiya Binta za ta ji, abin yana damuna fiye da in na tuna Sa'a tana taka taɓo zuwa makaranta. Har yanzu ina ganin Alhaji da kwamitinsa ba su cancanci in durƙusa musu ba, masu neman suna da talaucin mutane. Amma duk raina su da nake yi, su ba su saci wurin kowa ba. Ni na sata, kuma a gaban 'yata.

In na je makarantar na faɗi gaskiya, za su iya korar Nana, su ce mu biya duk abin da ta ci, kuma ba ni da tabbacin za su mayar wa Sa'a gurbinta. Yarinyar da ba ta da laifi ita za ta kwashi kunyar a gaban ƙawayenta. In na cire ta a shiru, na tsira da mutuncina a gari, amma sharrin da na yi wa Yaya Sule yana nan, kuma Alhaji zai je ya same shi da shi. In kuma na fara zuwa Gafasa na durƙusa a gaban mutumin nan na gaya masa da bakina, ban san da wane ido zan kalle shi ba, ban kuma san ko zumuncinsa da ƙaninsa zai kai kaka ba. Kwanaki suna ta tafiya, Yaya Tabawa ba ta sake kira ba, Nana tana makaranta ba ta san abin da ke tahowa ba.

Wanda zai zage ni ya zaga, na ji da kunnena daga wadda ta fi ku haƙƙi, kuma ita ko ɗaga murya ba ta yi ba. Amma bayan zagin a bar min abin da zan kama. Wa zan fara tunkara, makarantar ko Yaya Sule? Akwai hanyar da Sa'a za ta samu wurinta ba tare da na tozarta Nana ba?

Don Allah, me zan yi?